Takardar da Na Ɗinke a Cikin Fata

Jikokina suna cewa na cika fitina a kan magani. Gaskiya suka faɗa, kuma ba ni da niyyar dainawa. Duk wanda ya shigo gidan nan da kwali daga farmasi, ko ciwon kai ne kawai ke damunsa, sai ya zauna a gabana ya warware 'yar takardar nan da ake naɗewa a ciki, ya karanta da Faransanci, ya juya mini da Hausa, kafin ƙwaya ɗaya ta wuce maƙogwaronsa. Ɗaya daga cikinsu ta kawo mini wani littafi mai kauri da aka jera magunguna a ciki, kowanne da aikinsa da abin da ake gudu a tare da shi, ta ce wai don in huta da tambaya. Ban huta ba, sai ma aikin da na ƙara musu, don yanzu takarda da littafi duka nake sa su buɗe. Ni boko da tsufana na koye shi a ajin manya, Hausa kaɗai nake iya karantawa da rubutawa. Idan sun yi tsaki ina ji, kunnena bai mutu ba tukuna. Su dai ba su san abin da ya sa ba, shi ya sa na zauna zan rubuta.

A lokacin da nake magana ba a daɗe da soke aikin dole ba, Nasara suna nan da ikonsu a Agadas. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina auren fari a wani lungu cikin tsohon gari. Maigidana magini ne, kamar ubansa. Mutum ne marar yawan magana, ni kuwa Allah ya ba ni baki, har maƙwabta suna tsokanarsa cewa ya auro wadda za ta riƙa yi masa tasa maganar. Mu uku ne a gidan, da ni da shi da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna. 'Ya'ya bakwai ta haifa, shi kaɗai ya rage mata. Muna zaman lafiya da ita gwargwado, amma a kan rashin lafiya ba a ja da ita, don ta yi jinyar da ba ta ƙirguwa, kuma duk lungun ita ake kira idan wani ya kwanta.

Ni 'yar dukawa ce, a hannun uwata na koyi ɗinkin fata. Ina yin jaka da gafaka da matashi, amma abin da aka san ni da shi shi ne ɗinkin laya. Malamai sukan naɗe rubutu su aiko mini, in yi masa gida da jar fata, in ɗinke shi yadda gumi ba ya shiga, ruwan wanka ma ba ya shiga. Ƙa'idar aikin guda ce tun daga kakanni: ba a tambayar abin da ke ciki, ba a buɗewa, ba a barin rubutu a ƙasa. Ina alfahari da hannuna ƙwarai. Idan na ga layar wata baduku a wuyan yaro, sai na juya ta na duba bakin ɗinkin, in taɓe baki.

Garinmu ba garin ruwa ba ne, amma ran da ruwan ya ga dama ya zo, gidajen ƙasa ne ke ji a jikinsu. Ƙarshen daminar shekarar aka yi wani ruwa da rana tsaka, ƙoramar Telwa ta kawo, lunguna suka cika. Maigida ya fita da 'yar riga, yana hawa soro bayan soro yana buɗe indararo da suka toshe, don kada rufin mutane ya rufta musu. Ya dawo jiƙe sharkaf yana dariya, wai ya ceci gida tara. Bayan kwana uku zazzaɓi ya kwantar da shi, da tari, da wani ciwo a haƙarƙarin dama da ke tsinke masa numfashi.

Inna ta taɓa ƙirjinsa, ta saurari tarin, ta yanke hukunci nan take.

"Sanyi ne ya shige shi. Ruwa ya kawo ciwon ga, kuma ruwa ne abincinshi. Ɗiyata, hidda randar ga daga ɗaki. Kada a kuskura a ba shi ruwa sai ƙirjin ya bushe."

Ban ga wani abin mamaki a maganar ba. Haka kowa ke yi a lokacin, haka na ga an yi a gidanmu. Na mirgina randar zuwa tsakar gida. Abin da yake samu a yini bai wuce ludayi uku ko huɗu na kunu mai zafi ba, sai ɗan kofin shayi, sai rubutun da malam ya aiko, wanda ruwansa bai cika tafin hannu ba. Wanzami ya zo ya yi masa ƙaho a baya. Aka turara ɗakin har ni mai lafiya ina tari. Jiki kuwa sai gaba yake yi.

Akwai likita a garin, wato asibiti, can wajen gidajen Nasara, da lokotoro mai duba marasa lafiya da wani majo, mataimakinsa, da ke yin allura. Na kawo zancen a kai maigida can, shi da kansa ya ɗaga hannu ya hana. Ya yi watanni yana ɗaukar dutse a ka lokacin aikin dole, ya dawo da tabo a kafaɗa, ya rantse ƙafarsa ba za ta sake taka inda Nasara ke ba da umarni ba. Inna ma ta goyi bayansa. Na bar zancen, ba don na yarda ba, sai don ban ga wanda zai goya mini baya ba.

Rana ta biyar yayana ya iso. Ɗan kasuwa ne, yana bin kamyo, manyan motocin kaya, tsakanin Damagaram da Agadas, kuma motarsu ta yi kwanaki a kafe cikin taɓo wajen Aderbissinat. Ya shigo gaida mu ya tarar da majinyaci. Ya duba shi, ya fita, ya dawo da wani ɗan kwali daga cikin kayansa. A ciki akwai kwalba doguwa kamar ɗan yatsa, an toshe bakinta da auduga a ƙarƙashin murfi, cike da fararen ƙwayoyi masu faɗi. Ya ce a wani kanti ya saya a Damagaram don tsaron hanya, bayan ya ga maganin ya tayar da wani direba da aka riga aka fid da rai da shi.

"Mai kanti ya ce bibbiyu, sahe da rana da marece," in ji shi. "Iyakar abin da na riƙe ke nan. Amma ga takarda nan ciki. Ki kai wa wani ɗan lekol shi duba muku, ni ban san mi ta ƙunsa ba."

Na zaro takardar. Siririya ce, an naɗe ta ninki a kan ninki, rubutu ƙanana baƙi ƙirin gaba da baya. Da ganinta na ji na gane. Shekara nawa ina wannan aiki? Malam idan ya ba da magani kashi biyu yake bayarwa, na sha da na ratayawa. To ga na sha a kwalba, ga na ratayawa a naɗe, har an ninke shi daidai girman laya. Na ce a raina ashe Nasara ma sun san hanya.

"Yaya, bar wannan a hannuna," na ce masa. "Kai ka san kamyo, ni na san takarda. Aikina ne."

Ya yi dariya ya ce ƙanwarsa ba ta taɓa rasa amsa ba. Washegari motarsu ta juya, ya tafi.

Dole in faɗi wani abu a nan, don idan na ɓoye shi rubutun ba shi da amfani. Akwai mai karatun boko a lungunmu. Wani ma'aikacin gidan waya ne, mutumin Damagaram, kowa Mushe yake ce masa, wato malam da Faransanci. Gida uku ne tsakaninmu, ina jin dakan matarsa daga ƙofata. Amma matar tasa ta taɓa yi mini kallon banza a rijiya, ta ce hannuna yana warin jima, ni kuma na riƙe abin a zuciya. Da yaya ya ce a nemi ɗan lekol, gidan ne ya faɗo mini a rai, kuma nan take na ji ba zan iya tsayawa a ƙofar matar nan ina roƙo ba. Na yarda da gaske cewa laya ce. Amma da ba don wannan riƙon ba, wataƙila da na leƙa na tambaya.

Na zaɓi fata mafi laushi da nake da ita, wadda na ajiye don aikin wani biki. Na ƙara wa takardar ninki ɗaya, na naɗe ta da zare, na yi mata gida, na ɗinke gefe huɗu da basilla, ɗinki a kan ɗinki, na goge bakin har ya yi sheƙi. Ban taɓa yin layar da ta kai ta kyau ba. Na rataya masa a wuya, ya shafa ta da yatsa, ya ce, "Wanga ɗinkinki ne." Sannan na ba shi ƙwaya biyu, ya haɗiye su da ludayin kunu.

Cikin kwana biyu zazzaɓin ya sauka. Numfashi ya daidaita, tarin ya yi laushi, har ya zauna ya jingina da bango ya tambayi ko an gyara katangar maƙwabcinmu. Murnar da na yi ba ta faɗuwa. Mata suka yi ta shigowa barka. Inna tana cewa hana ruwan ne ya yi aiki, ni ina cewa layata ce da ƙwayar yaya, muna musu muna dariya, shi yana kallonmu. Kwana biyun nan su ne na ƙarshe da aka yi dariya a gidan tare da shi.

Bayan ruwan nan gari ya ɗauki zafi mai nauyi, irin wanda mutum ke zufa yana zaune. Maigida ya fara amai, ya fara kukan ƙishirwa. Leɓensa suka tsage. Wata rana bayan azahar, Inna ta zaga bayan gida, ya kama bakin zanena.

"Ki ɗan sam mini ruwa. Ko moɗa guda. Don Allah."

Mutumin da bai taɓa roƙona komai ba tun da aka kawo ni gidansa. Na fita na ɗebo moɗa cike daga randa. A bakin ƙofar ɗaki muka yi kiciɓis da Inna. Ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓe moɗar daga hannuna ta mayar da ruwan cikin randa.

"So kike ki kashe mini shi? Yanzu da ƙirjin ya hwara bushewa? Shida na bizne, ɗiyata. Ki bar mini wanga."

Na tsaya. Ina da bakin da zan mayar mata, amma ban mayar ba, domin a cikin raina ni ma na yarda ita ce mai gaskiya, kuma tausayi ne ya so ya kai ni ga ɓarna. Na jiƙa bakin tsumma na koma na shafa masa a leɓe. Ya tsotsi tsumman. Sannan ya juya fuskarsa bango.

Daga nan sai ciwon baya, wajen kwiɓi, mai sa shi murƙususu. Fitsarinsa ya ragu, ya koma ja. Inna ta duba kaskon ta ce alhamdu lillahi, ciwon ne yake fita. Ni kuma na ce tun da fita yake, bari in taimaka masa ya fita da sauri, na mayar da ƙwayar uku-uku. Babu wanda ya sa ni, dabarata ce. Bayan kwana biyu fitsarin ya tsaya cak. Fuskarsa ta kumbura, ƙafafunsa suka kumbura, igiyar layar ta fara nutsewa cikin wuyansa har sai da na sassauta ta. Ya shiga sambatu, yana kiran a miƙo masa ƙasa, yana faɗa da masu kwaɓa cewa ba su zuba ruwa sosai ba.

Da hankalinsa ya gushe babu sauran mai hanawa, Inna ma ta yarda a kai shi likita. Da hantsi maza suka shigo, suna ɗaura itace a jikin gado don su ɗauke shi. Kafin su gama ɗaurin ya cika. Masu wanka suka cire layar suka aiko mini da ita, na jefa ta cikin kwandon aikina. Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ni da Inna a gida ɗaya, kowa na lallashin kowa. Ban koma gidanmu ba bayan na fita, don ba ta da kowa. Kwalbar maganin kuwa na wanke ta na riƙa zuba allurai a ciki, don tana da murfi mai kyau.

Kwanaki kaɗan da fitata takaba, ina zaune a zaure ina aiki da la'asar, sai ga Mushe na gidan waya da jakar takardunsa, hannunta ya tsinke, ya kawo gyara. Ya sake yi mini gaisuwa, ya zauna daga bakin ƙofa yana jira. Na ɗauko kwalbar zan zaro allura, ya ga rubutun da ke manne a jikinta.

"Wanga ai silfamid ne. Wa ya sha shi?"

Na ce maigida ne, Allah ya jiƙansa.

"Amin. Magani ne mai ƙarhi. Ni ma an taɓa ba ni shi a likita, majo ya tsaya kaina sai da na shanye ruwa kamar raƙumi. Ya dai sha ruwa sosai ko?"

Allurar tana hannuna. Na ce, "Ruwa?"

Ya dube ni, ya dubi kwalbar. Ya ce, "Babu takarda cikin kwalin?"

Na ce akwai. Na tona kwandon na fiddo layar na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallonta bai gane ba, sannan ya gane, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce in bar ta haka, abin da ya wuce ya wuce. Ni kuwa na ɗauki aska. Ban taɓa buɗe laya ba a rayuwata, kuma wannan ta ba ni wuya, don na ɗinke ta da gaske. Takardar ta fito fes. Duk zufar da ya yi, ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Mushe ya warware ta ya fara karantawa a zuci, leɓensa na motsi. Ya gaya mini sunan ciwon da take magani, da yawan ƙwayar da ake sha, sai na ga idonsa ya yi tsalle ya sauka ƙasa.

"Mushe, kada ka tsallake mini. Ni ba yarinya ba ce. Abin da ke tsakiyar nan, shi nake son ji."

Ya yi ajiyar zuciya ya karanta. Takardar ta ce mai shan wannan magani dole ya sha ruwa mai yawa kowace rana, fiye da na mai lafiya, musamman a ƙasar zafi, domin in babu ruwa maganin yana daskarewa a ƙoda ya toshe hanyar fitsari. Ta ce idan aka ga ciwon kwiɓi, ko fitsari ya ragu, ko ya yi ja, a dakatar da maganin nan take, a ba da ruwa, a kai mutum wurin lokotoro. Duk abin da na gani da idona a ɗakin nan yana rubuce, bi da bi, kamar wanda ya rubuta yana tsaye a bayana. Kuma yana rataye a wuyansa tun daga ranar farko.

Mushe ya yi ta ƙoƙari. Ya ce ajali ne, ya ce ciwon ƙirjin ma kaɗai yana kisa, ya ce ba wanda zai iya rantsewa. Na san ajali, ban taɓa musun sa ba, har yau. Amma na san moɗar da na ɗebo, na san ƙwaya ta uku da na ƙara da hannuna. Na ji haushin mai kantin da ya sayar da abu ya faɗi rabin magana. Na ji haushin waɗanda suka kawo magani ƙasarmu suka rubuta sirrinsa da harshen da mutum ɗaya ne ke ji a lungu guda. Sai dai duk haushin nan bai kai wanda na ji wa kaina ba, ni da aka ce wa in je in tambaya, na ce aikina ne. Na gyara masa jakarsa, ban san yadda na yi ba, ya tafi yana waiwaye.

Na shiga cikin gida da takardar a hannu. Inna tana zaune gindin bango tana kaɗi. Watannin nan sun cinye ta, ta ƙanƙance, idonta ya fara hazo, amma kunnenta garau yake.

"Na ji muryar baƙo a zaure. Ɗan lekol ɗin nan ne ko? Na ji kamar karatu yake miki."

Na ce shi ne. Na ce takardar maganin nan ce ya duba mini.

Ta ajiye mazarin. "To, mi ta ce?"

Maganar tana kan harshena, a shirye, kuma ni ba mai haɗiye magana ba ce. Na so in faɗa, wallahi na so, don in samu wanda zai kama mini gefe ɗaya na kayan. Na dubi hannuwanta, su ne suka karɓe moɗar, su ne kuma suka rufe idon 'ya'ya bakwai. Idan na faɗa, ban ga abin da zai rage mata ta rayu a kansa ba.

"Addu'a ce, Inna. Irin tasu."

Ta gyaɗa kai. "Ai na sani. Allah dai bai nuhwa ba. Amma mun yi iyakar ƙoƙarinmu, ɗiyata, ni da ke. Ko ɗigon ruwa ban bari ya sha ba."

Na ce, "Haka ne, Inna."

Shekara shida ta ƙara a duniya, a hannuna. Idan ta ba maƙwabta shawara a kan majinyaci, sai in bi bayanta in warware a ɓoye, wasu su ji, wasu su ce ina raina tsohuwa. Ita kuwa duk baƙon da ya zo gaishe ta sai ta ba shi labarin jinyar ɗanta, da yadda ta tsaya a kansa, da yadda ko ɗigon ruwa ba ta bari ya sha ba. Wannan ne abin da take kwantar da hankalinta da shi. In ta kai ƙarshe sai ta juyo inda take jin motsina, ta ce, "Ko ba haka ba, ɗiyata?" Ni kuma in ce haka ne.